Kundin aikin farfaɗo da furen triliyam a wani kwari na birnin Portland

18 ga Fabrairu, 2023

Yau muka fara aikin da muka daɗe muna shawara a kansa, ni da maƙwabtan da gidajensu suka kewaye kwarin. Wurin ba shi da girma, gangare ne mai fuskantar arewa a kudu maso yammacin birnin Portland na jihar Oregon a Amurka, da 'yar ƙorama a ƙasansa wadda ke gudu daga Oktoba zuwa wajen Yuni, sannan ta janye ta bar damshi kawai. Filin mallakar gidajen da ke gefensa ne, kuma kowane mai gida ya ba da izini kafin mu sa hannu. Abin da muke so mu gani shi ne ko furen dajin nan da ake kira triliyam, wanda masana tsirrai suka sani da Trillium ovatum, zai iya sake yaɗuwa a nan da kansa idan aka ɗauke masa abin da ya danne shi.

Mai karatu da bai san wannan yanki ba zai buƙaci sanin yadda shekara ke juyawa a cikinsa. Ruwan sama yana sauka ne a watannin sanyi, yayyafi mai daɗewa da hadari mai rufe rana, alhali Yuli da Agusta kan wuce kusan babu ɗigo. Dajin asali na dogayen itatuwa ne masu koren ganye duk shekara, irin su fir na Douglas da sida da hemlok, tare da mapul mai faffaɗan ganye wanda ke kakkaɓe ganyensa a ƙarshen shekara. A ƙarƙashin waɗannan itatuwa, cikin inuwa da ruɓaɓɓen ganye, triliyam ke rayuwa.

Abin da ya danne shi a kwarinmu wani tsiro ne mai yaɗo da ake kira ayibi, wanda aka kawo daga Turai domin ƙawata gidaje. Ya shimfiɗu a ƙasa ya rufe ta ruf, ya kuma hau itatuwa har ƙololuwa. Jihar Oregon ta hana sayar da shi tun 2010, to amma hanin bai tumɓuke wanda ya riga ya kafu ba. Mun fara da wanda ya hau itatuwa, domin shi ne ke yin fure da 'ya'ya, tsuntsaye su ci su baza irin a ko'ina. Kowane itace mun yanke jijiyoyin ayibin da ke jikinsa a daidai kafaɗa da kuma daidai idon sawu, muka ɓamɓare abin da ke tsakani, muka share ƙasa kimanin mita 2 kewaye da gindin. Wanda ya rage a sama mun bar shi ya bushe a inda yake, saboda fizgo shi na yayyage ɓawon itacen, yana kuma iya kado matattun rassa a kan mai aiki.

25 ga Maris, 2023

Triliyam ya fito. Mun dakatar da duk wani aikin tuge a cikin gangaren, domin sabon tsiron yana da taushi, taku ɗaya ya isa ya karya shi, kuma wanda ya karye ba ya sake fitowa sai shekara ta zagayo.

Yana da kyau in siffanta shi sosai tun yanzu, tun da duk abin da zan rubuta nan gaba ya rataya ne a kan yadda jikinsa yake. Kara ɗaya ne ke fitowa daga ƙasa, santal babu reshe, tsayinsa daga tafin hannu zuwa kusan gwiwa. A kan karan akwai faffaɗan ganye uku da suka fito daga wuri ɗaya, kuma daga tsakiyarsu wani siririn wuya ya ɗago fure guda ɗaya tak, mai fararen ganyen fure uku, da koraye uku a bayansu, da zare shida masu ɗauke da garin fure ruwan ɗorawa. A cikin ƙasa kuma akwai saiwa mai kauri kwance kamar ɗanyar citta, kuma ita ce ainihin tsiron, domin ita ke wanzuwa shekara da shekaru, ita ke adana abincin da ganyen ya tara a 'yan watannin da yake a waje. Kowace shekara saiwar kan ƙara ɗan tsayi ta bar tabo, shi ya sa masu bincike ke iya ƙididdige shekarun tsiro ta hanyar ƙirga tabon.

Mun bi gangaren a hankali muna kafa ɗan fegi mai lamba kusa da kowane tsiro, nesa kaɗan da gindinsa don kada fegin ya soki saiwar. Waɗanda muka samu ba su kai arba'in ba, kuma kusan dukkansu suna inda ayibi bai yi kauri ba, wato gindin tsofaffin kututture da bakin ƙorama. Wata dattijuwa daga cikin maƙwabta, wadda ta fi kowa daɗewa a unguwar, ta ce a zamanin da ta tare a gidanta gangaren kan yi fari fat a watan Afrilu.

Tsiron yana da faɗin ƙasa, daga British Columbia ta Kanada zuwa Kalifoniya, ya kuma shiga gabas har Idaho da Montana da wasu sassan Wyoming da Colorado. Al'ummomin asali na wannan yanki sun san shi tun fil azal. Shigarsa littattafan kimiyya kuwa ta faro ne daga samfurin da Meriwether Lewis, Ba'amurke mai binciken ƙasa, ya ɗauka a watan Afrilun 1806 a bakin kogin Columbia, lokacin da ayarinsa da William Clark ke komawa gabas, kuma Frederick Pursh, masanin tsirrai haifaffen Jamus, ya ba shi sunan da yake ɗauke da shi a 1814.

15 ga Afrilu, 2023

Furannin da suka fara buɗewa sun sauya launi. Farin yakan koma ruwan hoda, daga nan ya yi duhu ya zama jan garura kafin ya yanƙwane, har mutum ya ɗauka iri biyu ne ke tsirowa a wuri ɗaya. Maƙwabta da yawa sun sauko sun ɗauki hotuna, kuma an yi ta murna cewa kwarin yana da rai.

Ni kuwa na dawo gida da damuwa. Na sake bin fegin ɗaya bayan ɗaya, a wannan karon ina duban ƙasan da ke kewaye da kowane tsiro, kuma ban ga ƙanana ba. Triliyam ba ya girma da sauri. Shekarar da ya fara leƙowa ganye ɗaya yake fitarwa, siriri ƙwarai, wanda bai fi tsawon gaɓar yatsa biyu ba. A shekarun da ke biye ganyen yakan faɗaɗa amma yana nan guda ɗaya, sai saiwar ta yi ƙwari sannan ya fara fitar da ganye uku babu fure, kuma fure ba ya zuwa sai bayan shekara bakwai ko fiye, a daji ma yakan ɗauki abin da ya haura haka nesa. Saboda haka lafiyayyen wuri ya kamata a ga ƙanana sun fi manya yawa. A kwarinmu kusan duk abin da ke tsaye babba ne, masu ganye uku marasa fure 'yan kaɗan ne, masu ganye ɗaya kuwa ban ga ko guda ba.

Domin in tabbatar idona ba yaudarata yake yi ba, na je gandun Tryon Creek, dajin jiha mai faɗin sama da eka 600 da ke kusa da mu, inda ake bikin wannan fure a watan Afrilu na kowace shekara. Daga kan hanya kawai, ba tare da na sauka daga kanta ba, na hango ƙananan masu ganye ɗaya a gindin manya a wuraren da aka daɗe da share ayibi. Bambancin a bayyane yake.

Wannan al'amari an yi bincike a kansa. Masanin tsirrai Erik Jules ya yi nazarin triliyam a tsaunukan Siskiyou na kudu maso yammacin Oregon, inda aka sare daji ƙarƙaf aka bar guntaye, kuma a sakamakon da ya wallafa a 1998 ya nuna cewa tsirran da ke cikin kimanin mita 65 daga bakin inda aka sare sun kusan daina samun magada. Manyan suna nan suna fure, wasu daga cikin waɗanda ya ƙirga tabonsu sun haura shekara 70, amma ƙanana ba sa tasowa. Binciken da ya biyo baya ya danganta hakan da ƙarancin irin da furen ke yi a bakin daji da kuma yawan ɓerayen daji masu cinye irin. Kwarinmu gaba ɗayansa bai kai wannan faɗi ba daga kowane gefe, wato dukkansa bakin daji ne, ga kuma ayibi wanda ke ba ɓeraye mafaka. Tsiro mai tsawon rai irin wannan zai iya shafe shekara talatin yana fure a wurin da zuri'arsa ta riga ta yanke, masu kallo kuma su ci gaba da zaton komai lafiya.

Na gabatar wa maƙwabta wannan bayani, muka amince cewa ma'aunin aikinmu shi ne yawan masu ganye ɗaya. Furen za mu ci gaba da ƙirga shi, amma ba da shi za mu yanke hukunci ba.

6 ga Mayu, 2023

Barewa ta shigo ta cinye kan wasu tsirrai da ke kusa da ƙorama, ta bar kara tsaye babu ganye. Barewar nan mai baƙar jela tana yawo a unguwannin da ke gefen daji ba tare da tsoro ba. Illar cin ta daidai take da illar tsinkar da mutane ke yi, domin ganyen nan uku su ne kaɗai hanyar da saiwar ke samun abincin shekara, kuma idan aka cire su da wuri tsiron yakan dawo a raunane, wani lokaci ya yi shekaru bai sake fure ba. British Columbia ta taɓa kafa dokar kare shi tare da wasu tsirrai biyu, kafin a soke dokar a 2002. Mun kewaye manyan da suka ɗauki kwanson iri da wayar raga mai tsayin ƙugu.

9 ga Yuli, 2023

Kwansunan iri sun nuna. Kwanson yakan fara kore da tauri, daga baya ya yi rawaya-rawaya ya yi laushi, sannan ya tsage ya zubar da ƙwayoyin a gindin uwar. Wanda ke son tattara irin dole ya riƙa dubawa kullum a wannan tsakani, domin akwai masu rige shi.

Kowace ƙwaya tana ɗauke da wani farin ƙullutu mai maiƙo a gefenta, kuma wannan ƙullutu shi ne ladan da tsiron ke biyan tururuwa. Tururuwa kan ja ƙwayar zuwa gidanta, ta ciyar da 'ya'yanta da maiƙon, ta yar da ƙwayar a jujinta ko a kan hanya, ta haka irin ya yi nisa da uwar, ya kuma faɗa cikin ƙasa mai taushi inda ɓera ba zai same shi da sauƙi ba. Na tsuguna kusa da wani kwanso da ya fashe na ga yadda ƙananan tururuwa ke kokawa da ƙwayar da ta fi su girma, kuma kafin yamma babu abin da ya rage. Nisan da suke kai irin ba shi da yawa, 'yan taku ne, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa triliyam ke jinkirin komawa inda aka taɓa kawar da shi. Wasu furannin dajin nan ma da tururuwa suka dogara, kamar Dicentra formosa da Asarum caudatum.

Mun raba irin gida uku. Kaso mafi yawa mun bar wa tururuwa, ba mu taɓa ba. Kaso na biyu mun shuka shi nan take a ƙasan da muka share kewaye da itatuwa, zurfin bai wuce faɗin yatsa ba, muka rufe da ruɓaɓɓen ganyen mapul, rabi muka kifa masa raga mai ƙananan ido, rabi muka bar shi a buɗe, don mu ga ko da gaske ɓeraye ne matsalar a nan. Kaso na uku mun zuba shi a akwatunan katako da muka cika da ƙasar daji, muka ajiye a inuwar bayan gida da raga a kai. Ba mu bari irin ya bushe ba ko na kwana ɗaya, domin irin triliyam idan ya bushe tsirowarsa takan yi wuya.

19 ga Agusta, 2023

An yi zafi mai tsanani a wannan mako, ma'auni ya haura digiri 40 a cikin gari. Bai kai na ranar 28 ga Yuni, 2021 ba, lokacin da Portland ta ga digiri 46 da ɗoriya, amma ya isa ya ƙone ganyen ƙananan itatuwa a bakin kwarin. Triliyam ya riga ya kwanta, karansa ya bushe, saiwar na hutawa a ƙasa. Na tura hannu ƙarƙashin ganyen da muka rufe irin da shi na ji akwai sauran sanyi da damshi. Akwatunan ne kawai muke yayyafa wa ruwa.

25 ga Nuwamba, 2023

Ruwa ya dawo, ƙasa ta yi laushi, don haka muka koma kan ayibin da ke shimfiɗe. Wannan ne lokacin da ya dace, domin saiwarsa na fita da sauƙi kuma furannin daji duk suna barci. Mukan yanka layi da almakashin lambu, mutum biyu su durƙusa su riƙa naɗe shimfiɗar suna gangarowa, na uku na bin su yana tsince guntayen saiwa, saboda kowane guntu mai gaɓa zai iya sake tsirowa. Kusa da fegi ba ma amfani da fartanya ko shebur, da hannu muke zare jijiya ɗaya-ɗaya.

Akwai saɓani tsakaninmu game da yawan abin da za a share a shekara guda. Wasu na so a gama da gangaren baki ɗaya kafin sabuwar shekara. Ni na ga cewa gangare mai tsayi irin wannan idan aka tsiraita shi gaba ɗaya a tsakiyar ruwa, ƙasar saman za ta zaizaye ta tafi ƙorama, kuma wannan ƙasa ta sama mai ruɓaɓɓen ganye ita ce gadon da irin ke buƙata. Mun daidaita a kan share kashi ɗaya cikin uku, a jere-jere masu bin faɗin gangaren, muna barin ɗamarar ayibi a tsakani har zuwa baɗi.

27 ga Janairu, 2024

Makonni biyu da suka wuce iska mai tsananin sanyi ta taso daga gabas ta kwazazzabon kogin Columbia, ta kayar da itatuwa masu yawa a faɗin birnin, ta katse wa dubban gidaje wutar lantarki, daga baya kuma ruwa mai daskarewa ya lulluɓe komai da ƙanƙara. A kwarinmu wani babban fir da ke gefen kudu ya tumɓuke ya faɗi a gicciye. Bai taɓa gida ba, kuma bai faɗa kan inda muka shuka iri ba, amma ya buɗe wata babbar kafa a sama, ta yadda rana za ta riƙa dukan tsakiyar gangaren daga hantsi zuwa la'asar a watannin zafi.

Mai filin ya so a yanka gungumen a kwashe. Mun roƙe shi ya bari a datse rassan da suka tare hanya kawai, ya kuma yarda. Gungumen da ya ruɓe a irin wannan daji yana riƙe ruwa har cikin Agusta, yana tare ƙasa daga zaizaya, kuma a kansa ƙananan hemlok suka fi son tsirowa. Ko a ƙirgarmu ta bara, manyan triliyam mafi ƙarfi a gindin tsofaffin kututture muka same su.

6 ga Afrilu, 2024

Kusan duk tsirran da muka sa wa lamba sun dawo. Wasu fegi kaɗan babu komai a gefensu, amma ban cire su ba, domin triliyam kan iya kwana a ƙasa shekara guda bai fito ba sannan ya dawo. Waɗanda barewa ta ci bara sun fito da ƙananan ganye uku babu fure. A jeren da muka share kuma mun ga wasu masu ganye uku da ba mu san da su ba, ƙanana masu siririn kara, waɗanda bisa ga alama sun daɗe suna fama a ƙarƙashin ayibi.

Akwatunan iri babu ko tsinke a samansu, haka ma inda muka shuka a ƙasa. Wannan ba abin tsoro ba ne. Irin triliyam galibi sai ya ga sanyi biyu kafin ya nuna kansa: bayan sanyin farko yakan fitar da saiwa kawai a cikin ƙasa, ya yi zafi guda yana kafuwa, sai bayan sanyi na biyu ganyen ya ɓullo. Na tona kusurwar akwati ɗaya da tsinken ashana a hankali, na tarar da ƙwayoyi da farar saiwa ta fito musu, na mayar da ƙasar yadda take.

Duk da haka haƙurin wasu ya fara ƙarewa, aka kawo shawarar a sayo manyan tsirrai masu fure daga masu sayar da shuke-shuke a cika gangaren da su. Na ƙi wannan shawara, kuma ina ganin dalilaina suna da ƙarfi. Tsiron da ke ɗaukar shekara bakwai kafin ya yi fure ba zai yi arha ba idan daga iri aka rene shi, saboda haka duk wanda aka gani da araha akwai fargabar daga wani dajin aka haƙo shi, mu kuma mu zama sanadin tsiraita wani wuri don mu ƙawata namu. Ko da an samu wanda aka rena ta hanyar da ta dace, cika gangaren da manya zai ɓoye mana amsar tambayar da muka fito nema, wato ko wurin nan zai iya rainon ƙanana. Idan ba zai iya ba, waɗanda aka sayo ma tsufa za su yi su mutu babu magaji. An bar maganar a kan cewa za a sake dubawa bayan an ga abin da shekara mai zuwa za ta nuna.

14 ga Yuli, 2024

Kwansunan bana sun fi na bara yawa, watakila saboda ragar da ta hana barewa. Na ga rina masu ratsin rawaya suna shiga kwanson da ya tsage suna tashi da ƙwaya, abin da Jules ma ya rubuta a kansa, kuma su suna iya kai irin nesa fiye da tururuwa. Mun sake raba irin gida uku kamar bara. Tsirran da ke ƙarƙashin kafar da fir ya bari sun yanƙwane tun farkon Yuni, makonni kafin na cikin inuwa, kuma kwansunansu ƙanana ne.

7 ga Disamba, 2024

Mun share kashi na biyu na ayibi. Inda muka share bara bai zauna fayau ba, domin wasu baƙin ciyayi sun rige kowa shiga, musamman Geranium robertianum mai wari da kuma ƙayar bilakberi ta Himalaya a inda rana ke samu. Mun tuge su tun suna ƙanana. Abin farin ciki shi ne 'yan asalin wurin ma sun fara dawowa da kansu, Hydrophyllum tenuipes da Tellima grandiflora sun bazu a bakin ƙorama.

A cikin kafar mun dasa ƙananan sida da mapul mai yaɗo, waɗanda muka samo daga masu rainon tsirran yankin. Sida zai ɗauki shekaru masu yawa kafin ya yi inuwa, mapul ɗin ne zai fara rufe wurin. Kafin nan mun jera rassan fir ɗin da aka datse a gefen kudu na kowane rukunin triliyam don su rage zafin rana.

12 ga Afrilu, 2025

Ƙananan sun fito. A akwatunan da muka shuka a Yulin 2023 siraran ganye sun tsaya cunkus, kowanne guda ɗaya, kore mai sheƙi, wasu har da ɓawon ƙwayar a maƙale a bakinsu. A cikin gangaren kuma bambancin da muke jiran gani ya bayyana: inda muka kifa raga ƙananan sun fito da yawa, inda muka bari a buɗe kuwa sai ɗaiɗaiku. Gwajin namu ƙarami ne, ba za a gina hukuncin kimiyya a kansa ba, amma ya yi daidai da abin da aka gani a Siskiyou, kuma ya isa ya nuna mana inda za mu sa ƙarfinmu.

Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne wasu 'yan ƙalilan da na samu a wajen duk inda muka shuka, taku uku zuwa huɗu daga wata babbar uwa da ke gindin kututture, a ƙasar da muka fara sharewa a Fabrairun 2023. Babu hannun mutum a kansu, aikin tururuwa ne. Su ne shaida ta farko cewa idan aka ɗauke ayibi kwarin zai iya yin abin da ya daina yi. Na sa musu ƙananan fegi masu launi dabam.

Hatsarin da ke gabansu yanzu shi ne dodon koɗi marar kwanso, wanda ke iya share ganye irin wannan a dare ɗaya, da kuma fari na Yuli da Agusta, tun da saiwarsu ba ta yi zurfi ba tukuna. Ba mu sa guba ba, saboda akwai babban dodon koɗi mai launin ayaba wanda ɗan asalin dajin ne kuma yana da nasa aikin a cikinsa. Da dare muke zagawa da tocila muna tsince baƙin da suka shigo daga lambunan gidaje.

28 ga Yuni, 2025

Mafi yawan ƙananan da ke ƙarƙashin raga sun kai ƙarshen lokacinsu lafiya, ganyensu ya yi rawaya ya kwanta kamar yadda ya kamata. Na akwatuna za su zauna a inda suke na wasu shekaru biyu ko uku, har sai saiwarsu ta yi kaurin da za ta jure dashe, kuma idan lokacin ya yi za a dasa su ne bayan ganye ya kwanta, a jeren da ke nesa da kafar. Maganar sayo manya ba wanda ya sake tayar da ita.

Kwansunan bana sun fara laushi, don haka dubawar kullum za ta fara daga gobe. A wannan karon duk irin da za mu shuka a ƙasa zai shiga ƙarƙashin raga, za mu kuma rage kason akwatuna mu ƙara na tururuwa a gefen da aka share. Kashi na uku na ayibi, wanda ya fi kowanne tsayin gangare, an tsayar da sharewarsa a watan Nuwamba idan ruwa ya sauka, kuma kafin nan muna buƙatar ƙarin raga da igiyar da masu aiki za su riƙe a wurin.